Ramuka Tara a Tukubar Sodangi

Shekarar da ta biyo bayan kuturtar gyaɗa, ko ƙwaya ɗaya mutum ya gani a ƙasa a Kunduru sai ya duƙa ya ɗauka. A daminar saba'in da biyar shuka ta fito lafiya lau, sai kawai ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, gona guda ta kasa cika kwando. Manoma suka sa wa ciwon suna kuturu, suka koma wa gero da dawa. Samari kuwa ba su tsaya jiran wata damina ba. Suka cika motoci sai Kaduna da Ikko, inda aka ce kuɗin man fetur ya yi yawa har gwamnati ta rasa inda za ta zuba shi.

Duk wannan da sauƙi ga mai gona, in wani iri ya ƙi sai ya shuka wani. Wanda ya shiga uku shi ne mai sana'ar da ba ta da uwa ba ta da uba sai gyaɗa, kamar Lami. Shekara ashirin da 'yan kai tana matsar mai tana soya ƙuli-ƙuli. Da turminta ta aurar da 'ya'ya uku bayan rasuwar maigidanta, ba ta taɓa roƙon kowa ko gishiri ba, kuma ba ta gajiya da faɗin haka ko ba a tambaye ta ba. Mace ce mai baki, in ta fara yabon manta sai ka toshe kunne. Amma a faɗi gaskiya, man nata yana da kyau.

Babban mai sayen kayanta shi ne Sodangi, mai tsiren bakin tasha a kasuwar Kankiya. Kowa ya san tsire ba nama ba ne kawai, a garin ƙuli da yaji ake birkiɗa shi, a riƙa yayyafa masa mai yana gefen wuta. Shekara goma sha biyu Sodangi bai taɓa sa ƙulin wata mace ba. To amma ran wata kasuwa da Lami ta je masa hannu rabbana, karo na uku ke nan a jere, sai ya jawo wani gwangwanin man girki mai sheƙi daga ƙarƙashin tebur ya dangwarar a gabanta.

Ya ce, "Diba wanga, Lami. Cikin jirgin ruwa aka ce ya zo. Ba shi da ƙanshi, ba shi da daɗi, amma akwai shi."

Ta ce, "Sarkin tsire, yanzu wagga tsiya za ka shahwa ma naman mutane?"

"To mi zan shahwa? Labari? Kuma wani Bakano ya ce zai riƙa kawo mani ƙulin inji buhu-buhu. Na ce mashi ya dakata, akwai wadda muka daɗe tare. Kasuwa mai zuwa in kin kawo, mu ci gaba. In ba ki kawo ba, kada ki ga laihina."

Lami ta kama hanyar gida bakinta a rufe, abin da ba a saba gani ba. Tsoro ne ya kama ta, tsoron tsufa ba sana'a. Ta ga yadda aka yi da masaƙan garin da atamfa ta shigo, manyan mutane sun koma zaman gindin bishiya suna jiran a aiko musu da tuwo. Ita kam ta gwammace ta mutu a bakin kasko.

Ana cikin haka, kwana biyu tsakani, da rana tsaka maza duk suna sharar gona, sai ga Lawal ɗan wan maigidanta ya turo keke har tsakar gida. Lawal lebura ne a wani siton gwamnati, amma agogon hannunsa da rediyon da ke rataye a ƙahon kekensa sun fi ƙarfin albashin lebura. Ya sauke wani tsohon buhun gishiri, ya waiga hagu da dama.

"Inna, na samo maki. Amma don Allah kada kowa ya ji."

Ta kwance bakin buhun ta leƙa. Gyaɗa ce ɓararriya, manya-manya, babu ruɓaɓɓiya ko ɗaya. Sai dai duk an baɗe ta da wani gari mai kama da toka, da ɗan shuɗi-shuɗi a ciki, mai wari yana hawa kai.

"Wanga gari hwa?"

"Na hana ƙwari ne, Inna. Ki wanke kawai."

Ta yi dariya ta ce, "Toka ce ashe. To ai ni za a koya ma toka? Tun ba a haihi ubanka ba nike wanke ta."

Lawal ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya fasa. Ita kuwa ba ta tambayi inda ya samo ba, don ta san amsar ba za ta yi mata daɗi ba.

Kada a yi saurin ganin wautarta. A ƙasar nan tun kaka da kakanni haka ake adana iri: a cakuɗa shi da tokar murhu, a zuba a tulu, a liƙe bakin da laka. In an ƙare shuka aka sami ragowa, sai a wanke a shanya a ci, ba wanda ya taɓa ko ciwon ciki. Duk abin da aka barbaɗa wa iri don ƙwari, a wurin Lami toka ne, ko da kuwa tokar gwamnati ce mai launi.

Ta sa sakata a ƙofa ta hau aiki. Ta wanke sau uku, ta malalar da ruwan a ramin bayan ɗaki. Ta shanya a kan tabarma inda ba mai leƙowa, ta soya, ta murje ɓawon ta tara shi a kwando a ƙuryar ɗaki don kada maƙwabta su gani su fara tambaya. Ta daka, ta tuƙa da ruwan zafi har mai ya tsatso. Ta mulmula tunkuzar ta soya. Da can in tana wannan aiki gidan cike yake da 'ya'yan maƙwabta masu jiran gutsure, wannan karo ko Tani da suke katanga ɗaya ta ce mata zazzaɓi take yi. Ta ɗan ɗanɗana ƙulin a bakin harshe, ta ji wani ɗaci-ɗaci can ƙasa, ta tofar, ta ce wuta ce ta yi yawa, yaji zai rufe. Kanta ya wuni yana sarawa, ta ɗora wa hayaƙi laifi.

Ran kasuwa da sassafe ta ɗora wa mai jakin da ke kai mata kaya garwar mai da kwandon ƙuli, ta ce ya miƙa wa Sodangi hannu da hannu. Ta tsaya tana kallon jakin har ya ɓace, zuciyarta fari ƙal. Ta dawo ta share ɗaki, ta ɗauko kwandon ɓawon nan da gutsattsarin gyaɗa a ciki ta watsa wa kajinta, ta shiga ta ɗan kishingiɗa.

Wani irin kuka ne ya tashe ta da hantsi, ba irin kukan da kaza ke yi in ta ga shaho ba. Ta fito ta tarar da zakaranta a kwance, wuya a murɗe, ƙafafu na harbin iska. Kaza biyu suna ta juyi a wuri ɗaya, baki a buɗe, yawu na zuba. 'Yan tsaki kuwa har sun sandare a cikin ɓawon da suke tona. Kafin ta gama salati zakaran ya miƙe ƙafa ya yi shiru.

Lami ta dubi kajin, ta dubi ɓawon, sai ta tuna ɗacin nan na bakin harshenta. Ta zauna daɓas a ƙasa. Abin da ya kashe zakara kafin rana ta ɗaga, yana can cikin garwa da kwando, a hannun mutumin da rabin kasuwa ke cin abinsa.

Ko mayafi ba ta yafa daidai ba ta yi gidan su Lawal. Ta iske shi a zaure yana goge kekensa, da yake ran kasuwa ba ya zuwa aiki. Ta ci kwalarsa.

"Mi ka ba ni? Don girman Allah, mi ka ba ni?"

"Inna, rage murya."

"Kajina sun mutu duka! Mi ke jikin gyaɗar nan?"

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Iri ne, Inna. Wanda gwamnati ta kawo a raba ma manoma, tunda na kowa ya mutu bara. Magani ne aka barbaɗa mashi. A buhunshi na ainihi akwai jan rubutu da hoton ƙoƙon kai, shi ya sa na juye. Na ɗauka in an wanke ya hita."

"Ka ɗauka! Ina ce maka toka kana jina ka yi shiru?"

"To yanzu ya wuce. Ki saurare ni. Kaza daban, mutum daban. Ƙila ba abin da zai samu kowa. In ma wani ya yi ciwon ciki, wa zai ce ke ce? Mutum nawa ke cin abu nawa ran kasuwa? Amma in kika buɗe baki, ni da ke duk gidan yari. Ke da tsuhwanki, a ɗaure ki. 'Ya'yanki su ji da wane ido a gidan mazansu?"

Maganar ta shige ta, don ba ƙarya ya yi ba. Ta ga kanta a gaban alƙali, ta ga ɗan doka yana jan ta, ta ga matan garin suna nuna ta da baki. Ta saki kwalarsa. Ta juya ta yi taku uku wajen gida, da niyyar ta haƙa rami ta binne kajin ta ja bakinta ta yi shiru. Sai ta tuna yadda Sodangi ke yi in mace ta tsaya da goyo, yakan yago ɗan nama ya miƙa wa yaron kyauta. Ta tsaya cak. Ta gyara mayafi ta nufi bakin hanya, Lawal na kiranta ba ta waiga ba.

Daga Kunduru zuwa Kankiya a ƙafa, wanda ya tashi da hantsi sai bayan azahar, Sodangi kuwa da rana ta take tsaka yake fara jera nama. Ta yi gudu, ta yi tafiya, ta sake gudu, har takalminta ɗaya ya tsinke ta yar da ɗayan. Masu jakuna duk sun wuce tun da safe. Tana tafe tana roƙon Allah ya sa mahauta sun makara, ya sa itacen Sodangi ɗanye ne, ya sa jakin ya yi tuntuɓe garwar ta kife. Ita da ko ɗigon mai ya zuba sai ta yi masifa, yau ga ta tana roƙon garwa guda ta zube.

Wata babbar mota ta taso daga baya. Lami ta shiga tsakiyar hanya ta ɗaga hannu biyu, direban ya taka birki yana zagi. Da ya ga tsohuwa ba takalmi tana haki, sai ya ce ta hau baya. Ta zauna a kan kayan, da ta duba sai ta ga katan-katan ne na irin gwangwanin da Sodangi ya nuna mata, an jera su har sama. Ba ta ma iya jin haushi ba. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta ji kamar an jinkirta ta da gangan.

Tun daga nesa ta hango hayaƙi a bakin tasha, ta san an riga ta. Ta diro tun motar ba ta gama tsayawa ba. Ga Sodangi a gaban tukubarsa, wato tudun tokar nan da ake hura wuta a tsakiya a kakkafa tsinkayen nama a kewaye. Tsire ya yi jajawur, mai na naso, ƙanshi ya cika wuri. Yana ganinta ya washe baki.

"Lami ta Kunduru, kin hitar da ni kunya! Ga ƙuli ga mai, yau kam..."

Ta riƙe hannunsa ta ce, "Kada ka ƙara saida ko tsinke ɗaya. Akwai guba a ciki."

Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba. Ta faɗa masa komai a gurguje, buhun, garin, kajin. Tana magana fuskarsa na sauyawa, har ya kai hannu ya shafi maƙogwaronsa, don shi ma ya lashi garin da yatsa lokacin da yake haɗa yaji.

"Kin kashe ni, Lami. Rago guda na yanka."

"Nawa ka saida?"

Ya sunkuya a kan tukubar. Mai tsire ba ya bukatar tunani a nan, duk tsinken da aka zare yana barin raminsa a toka. Ya bi da yatsa, ita ma tana bi da ido. Ramuka tara ne.

"Ukku Malam Hussaini na makarantar boko, tun da aka ba su ƙarin albashin Udoji ba ya wuce ni. Huɗu wani Bahillace, Bubayero, na rugar wajen Bauranya. Ya saida sa, ya ce matarshi ta haihu, zai kai ma mai jego. Biyu kuma wata mata, baƙuwa ce, da goyo. Ta leƙo daga motar Katsina ta saya."

"Ina motar?"

Ya nuna inda motar ta tsaya ɗazu. Babu komai a wurin sai sawun taya.

Lami ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma saura bakwai, kuma kasuwar Kankiya ba wurin da za ka nemi mutum biyu da ido ba ne. Sodangi ya ce a bi a hankali, a aika a nemo su a ɓoye, kada a tara masa jama'a. Ita ma ranta ya so haka. Sai dai Bafillacen da ya sayar da sa ba ya daɗewa a kasuwa, in ya kama hanyar Kusada ya shiga daji, sai dai a ji labari. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta tafi rumfar sarkin kasuwa ta nemi mai shela.

Mai shelar ya saurare ta, ya ce, "Inna, in na ce tsiren Sodangi kawai, mutane za su kashe shi, shi kuwa bai san hawa ba bai san sauka ba. Mi zan ce?"

Ta ce, "Ka ce ƙulin Lami ta Kunduru ne. Ka hwaɗi sunana."

Haka kuwa aka yi. Ya buga gangarsa ya ratsa kasuwa, daga 'yan hatsi zuwa 'yan tumaki, yana ɗaga murya. "Jama'a ku saurara! Duk wanda ya sayi tsire wurin Sodangi yau, kada ya ci! Ƙulin da man Lami ta Kunduru ne, akwai guba ciki! Wanda ya ci ya zo bakin tasha!" Lami na biye da shi ba takalmi, tana duba fuskoki. Shekara ashirin tana son a san sunanta a kasuwar nan, yau ba wanda bai ji shi ba. Da suka ratsa layin masu mai, matan Kunduru da ke zaune da 'yan kwalabensu suka bi ta da kallo, masu saye kuma suka fara ajiye kwalaben da suka ɗauka.

A bakin kara, inda ake cinikin shanu, wani dogon mutum mai malfa ya tare su, sanda a kafaɗa. Ya kwance wani ƙunshi daga bakin rigarsa, ya buɗe takardar. Tsinke huɗu cif, ko yago ba a yi ba.

Ya ce, "Goggo, wanga ne? Na so in ci ɗaya a hanya, na ce a'a, na mai jego ne."

Lami ta karɓa da hannu biyu, ta durƙusa a gabansa tana kuka, shi kuwa ya rasa abin da zai yi, sai cewa yake, "Tashi, Goggo, tashi, Allah ya kiyaye."

Malam Hussaini bai zo da ƙafarsa ba. A rumfar mai shayi aka same shi, ya cinye nasa uku tas, yana riƙe da ciki, gumi na karyo masa. Kafin a kai shi ɗakin shan magani jikinsa ya fara karkarwa, idanu suka juye. Lami ta tsaya a bakin taga tana jin yadda ake ɗura masa ruwa yana amai, tana jin ma'aikacin wurin na cewa a danne masa ƙafafu. Irin harbin da zakaranta ya yi da safe, shi ƙaton mutum yake yi a kan gado. Sai bayan la'asar ya lafa. Ma'aikacin ya fito yana share hannu ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai wani ba shi ba. Sodangi da ya lasa kawai, amai biyu ya yi ya warware.

Lami ta matsa kusa da ma'aikacin ta ce, "Ranka ya daɗe, in yaro ne hwa? Ƙarami, na goye?"

Ya dube ta. "Akwai yaron da ya ci?"

"Ban sani ba."

"To ki roƙi Allah ya sa bai ci ba."

Aka haƙa rami a bayan tasha aka binne naman rago guda da ƙulin da garwar man. Aka ba direbobin Katsina saƙo su cigita. To amma su cigita wa? Sodangi bai san sunanta ba, bai san garinsu ba. Abin da ya riƙe kawai, tana da koren zane, yaron kuma ya isa miƙa hannu, don ya miƙo lokacin da ake ba ta ƙunshin. Motar kuwa tana tsayawa a kowane ƙauye kafin Katsina. Direban da aka samu washegari ya ce mata nawa ya ɗauka masu goyo, shi hanya yake kallo.

Gidan yarin da Lami ta ji tsoro bai same ta ba. An kira ta gaban hakimi, aka yi mata faɗa mai zafi, aka ce tunda ita ta tona kanta ta je, amma kada a sake ganin kayanta a kasuwa. Lawal tun ran nan ya bar garin, aka ce an gan shi a tashar Kano. Sodangi ya buɗe gwangwaninsa, Bakano ya fara kawo buhu. Matan Kunduru suka yi wata da watanni ba mai taya mansu, har Tani ta daina amsa sallamarta ta kan katanga. Duk wannan Lami ta shanye, ta ce ita ta jawo.

Abin da ta kasa shanyewa shi ne tsinke biyun nan. Duk ran kasuwa sai ta taka zuwa Kankiya ba kaya ba kuɗi, ta tsaya inda motar Katsina ke lodi. Ita ba ta taɓa ganin matar ba. Koren zane kuwa a shekarar an yi yayinsa, rabin matan ƙasar shi suke ɗaurawa. In ta ga mai koren zane da goyo, sai ta zagaya ta leƙa fuskar yaron, ta ga yana wasa, ta ce wa ranta ƙila wannan ce, ta samu barcin kwana biyu. 'Yan tasha suka saba da ita, wasu na cewa ta taɓu, masu sanin labarin kuma su kau da kai.

Bayan kaka, wata ran kasuwa, wata mata mai koren zane ta sauko daga motar Katsina ta sayi ruwa. Yarinya ce, ba ta wuce ashirin da biyu ba. Bayanta babu kowa, amma tana tsaye tana ɗan jijjiga jiki irin na wadda ta saba da goyo. Lami ta daɗe tana kallonta kafin ta iya matsawa.

"Sannu, ɗiyata. Ina kika baro yaron naki, ban gan shi a baya ba?"

Matar ta sunkuyar da kai. "Ya koma, Inna. Tun kahin ruwa ya sauka."

"Allah ya jiƙan shi. Mi ya same shi?"

"Kwana ya ƙare. Muna hanya lahiya lau, muna isa gida ya kama shure-shure. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce zahin bazara."

A bazarar nan yara da yawa sun tafi, da ƙyanda da zazzaɓi mai sa shure-shure, Lami ta san da haka. Duk da haka ta tambaya.

"Ɗiyata, ran nan, kin sayi tsire a nan tasha?"

Matar ta ɗago ta dube ta da mamaki. Direba ya danna ƙaho, ana ta kiran a shiga.

"Haba Inna, wa ke tuna tsire?"

Ta miƙa wa mai ruwa kwanonsa, ta tattare zane ta hau. Motar ta tashi. Lami ta bi ta taku biyar ko shida, bakinta a buɗe, ba ta san ko so take a tsaya ba. Wani ɗan dako da buhu a ka ya ce mata, "Gafara, Inna," ta matsa gefe ta ba shi hanya.